WhatsApp ko Telegram: a ina shugaban aji zai kafa zauren ajinsa?

Duk wanda aka zaɓa shugaban aji a jami'a, tun kafin ya san ƙofar ofishin shugaban sashe za a fara tare shi a hanya ana cewa, "Malam, ina linkin guruf?" Allon sanarwa yana nan a bangon sashe, ana kuma liƙa takardu a kansa, amma ba mai jiran ya je ya karanta. An dawo da laccar ƙarfe goma zuwa takwas, an sauya ɗaki, an ɗage tes, gobe za a rufe shafin rajista: duk ta waya ake ji. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ke zirga-zirga tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa a titin Gwarzo, ko na Ahmadu Bello da ke kwana a gari yana zuwa Samaru ko Kongo, ya san cewa saƙo ɗaya da ya wuce shi kuɗin mota ne ya tafi a banza. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu a aljihun ɗalibi.

Shi ya sa nake ganin zaɓen inda za a kafa zauren aji ya cancanci a zauna a yi tunani a kansa, maimakon a buɗe WhatsApp kawai don shi aka saba da shi, ko a tattara a koma Telegram don wani ɗan aji mai son harkar kwamfuta ya ce ya fi.

Abin da ɗalibai ke tura wa juna iri biyu ne, ko da yake a zaure guda ake zuba su. Akwai labarin da ransa gajere ne: malam yana aji, ku zo. Idan bai isa ga mutum cikin minti goma ba, ya mutu. Akwai kuma abin da ake buƙata bayan wata uku, wani ma bayan shekara: handawut, tambayoyin jarrabawar shekarun baya, jadawalin zango, littafin da malam ya ce a nema, hoton lissafin da aka yi a allo. Kusan duk takaicin da ake yi a zaurukan aji daga cakuɗa waɗannan biyun yake fitowa, kuma manhajojin nan biyu kowacce ɓangare ɗaya ta ƙware a kai.

WhatsApp ba shi da abokin gasa a ɓangaren farko, kuma dalilin ba na fasaha ba ne. Kowa yana da shi, kowa kuma yana buɗe shi. Ɗaliba mai aure da ke fama da yara da girki kafin ta fito, ma'aikacin da ke karatu yana aiki, yaron da ya shigo daga sakandare da wayar da yayansa ya bar masa, har malamin da ya kusa ritaya, duk a nan za ka same su. Wanda datarsa ta ƙare yakan sayi ɗan ƙaramin data na WhatsApp da kamfanonin waya ke sayarwa, ya ci gaba da ganin saƙo. Malami kuma idan zai sanar da cewa ba zai samu zuwa ba, a WhatsApp zai turo wa shugaban aji, ko ya yi masa saƙon murya na daƙiƙa ashirin. Da wuya ka ga malamin da zai sauke sabuwar manhaja saboda aji ɗaya.

Kuma WhatsApp na yau ba na shekarun baya ba ne. Da can zaure ba ya wuce mutum 256, abin da ya sa manyan azuzuwa ke da guruf na ɗaya da na biyu da na uku. A 2022 aka ɗaga zuwa 512, sannan 1,024, aka kuma ba da damar tura fayil har mai nauyin gigabait 2. Admin na iya kulle zaure ta yadda shi kaɗai ke magana, yana iya goge saƙon kowa, ana iya kafe muhimmin saƙo a sama na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, ana iya jefa ƙuri'a a kan ranar da za a yi laccar cike gurbi. Wanda ya yi kuskure a rubutu yana da minti 15 ya gyara. Shugabannin aji da yawa ba sa taɓa waɗannan abubuwa, sai su bar zaure a buɗe kamar yadda aka ƙirƙire shi, daga baya su ce manhajar ce ba ta da kyau.

Amma ko an yi amfani da su duka, akwai inda WhatsApp ke gazawa, kuma gazawar tana da ciwo.

Ka ɗauki daren jajibirin jarrabawa. Ɗalibi ya tuna cewa a mako na uku malam ya turo wani handawut. Ya hau neman sa, ya wuce barka da Juma'a, ya wuce tallan atamfa da turaren wuta, ya wuce gardamar ƙwallo, ya wuce sanarwar ɗaurin aure, ya isa wurin. Ya danna, sai wayar ta ce fayil ɗin ba ya nan, a nemi wanda ya turo ya sake turowa. Shi ne ya goge shi da hannunsa wata biyu da suka wuce, ranar da wayar ta cika ta ƙi ɗaukar hoto. Daga nan sai ka ga saƙon da kowane ɗalibi ya sani: "Don Allah mai handawut na mako na uku ya taimaka." Ƙarfe ɗaya na dare. Wani ya turo, mutum ɗari uku suka sake sauke abin da suke da shi, wayoyinsu suka ƙara cika.

Asalin matsalar shi ne WhatsApp a cikin wayarka yake ajiye kaya. Idan wayar ta cika, ko ta faɗa ruwa, ko aka fizge ta a adaidaita sahu, abin da ba ka yi wa ajiya a waje ba ya tafi. Ajiyar da masu Android ke yi a Google Drive kuma tun daga 2024 ana lissafa ta cikin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, tare da imel da hotuna. Sannan wanda ya shigo zaure daga baya ba ya tarar da tarin abin da aka tura tun farkon zango. Wannan ya fi cutar da waɗanda dama su ne a baya: wanda sunansa ya fito a jerin ƙarshe na masu samun gurbi, ɗan DE da ya shigo aji biyu kai tsaye, da mai kari-oba da ya dawo yana bin kwas tare da ƙannensa yana jin nauyin tambaya.

A nan Telegram ya yi fintinkau. Abin da aka tura yana zaune a rumbun kamfanin, ba a wayarka ba. Kana iya share duk abin da ka sauke don samun wuri, gobe ka sake sauke shi. Ka sauya waya, ka shiga da lambarka, ka tarar da komai. Ka buɗe shi a kwamfutar ɗakin karatu ko ta wani aboki ba tare da wayarka tana kunne da data ba. Fayil ɗaya na iya kai gigabait 2 kyauta. Zaure yana ɗaukar mutum har 200,000, tasha kuwa, wadda admin kaɗai ke saka abu a cikinta, ba ta da iyaka. Idan an saita zauren yadda sabon shiga zai ga tarihi, wanda ya zo a mako na goma zai ga abin da aka saka a ranar farko. Ana iya raba zaure gida-gida, kowane kwas da ɗakinsa. Akwai wurin da fayiloli kaɗai ke jere, akwai na hotuna, akwai na linki, kuma binciken suna yana aiki sosai muddin an sa wa fayil suna mai ma'ana. Akwai tsarin da ke hana mutum sake magana sai bayan wani lokaci, wanda ke rage surutu ba tare da an kulle bakin kowa ba. Akwai tambaya mai zaɓi wadda ke nuna amsar daidai bayan an zaɓa, kuma azuzuwan da ke haddace abubuwa da yawa, irin likitanci da harhaɗa magunguna da shari'a, za su ci moriyarta wajen bita. Shugaban aji ma yana iya rubuta sanarwa da dare ya saita ta fita ƙarfe shida na safe.

Idan a takarda ne, da an gama magana. Sai dai duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kwashe aji zuwa Telegram ya san abin da ke biyo baya. Makon farko kowa ya shiga. Mako na uku rabin aji ba su buɗe ba. Sanarwar tes ta fita, washegari mutum ashirin suka ce ba su gani ba, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda Telegram ya shigo wayoyin matasanmu da yawa. A 2024, lokacin da haƙar kuɗin intanet ta Notcoin da Hamster Kombat ta game gari, matasa sun sauke shi ne don danne-danne, aka sa su shiga tashoshi barkatai don cika sharaɗi. Har yau wayoyi da yawa cike suke da waɗannan tashoshi, ga na finafinai, ga na masu hasashen caca, ga baƙin da ke turo saƙo suna alƙawarin riba. Mai irin wannan waya ya daɗe da kashe ƙarar sanarwar Telegram gaba ɗaya. Saƙonka na "malam yana aji" zai je ya kwanta a ƙarƙashin saƙo dubu da ba a karanta ba. Wasu iyaye da mazaje kuma ba sa sakin jiki da manhajar saboda abin da suke ji ana yaɗawa a cikinta, kuma shugaban aji ba zai yi kamar bai san da wannan ba.

Yanzu ga batun da na fi damuwa da shi, wanda kuma shugabannin aji maza ba su cika kawo shi a lissafi ba: lambar waya. A zauren WhatsApp na yau da kullum, duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa. A ajin mutum arba'in da suka san juna, ba komai. A ajin mutum ɗari bakwai da aka watsa linkinsa a Facebook, wannan na nufin lambar kowace ɗaliba tana hannun duk wanda ya danna, ɗan aji ne ko ba ɗan aji ba. Ka tambayi 'yan matan ajinku sau nawa baƙuwar lamba ta turo musu "Slm, na ga lambarki a guruf" da tsakar dare. Wasu suna ficewa daga zauren saboda haka, su koma dogaro da ƙawa ta riƙa turo musu sanarwa, su ne kuma ke zuwa tes a makare. Telegram yana ba mutum damar ɓoye lambarsa, a san shi da sunan da ya zaɓa kawai. Wannan babbar fa'ida ce, ko da yake tana da nata gefen: wanda ya ɓoye fuska ya fi saurin zagi, kuma da wuya ka tantance ko ɗan ajin ne. A WhatsApp ma akwai mafita da ba a cika amfani da ita ba. Idan aka kafa abin da suke kira Community, wato inuwa guda da ke tattara zauruka, a ɗakin sanarwarta admin ne ke ganin lambobin mutane, sauran jama'a ba sa ganin na waɗanda ba su sani ba. Tashar WhatsApp da aka fito da ita a 2023 ita ma tana ɓoye lambar masu bi. Shugaban ajin da ke da ɗalibai ɗaruruwa ya kamata ya san waɗannan kafin ya raba linki, ya kuma kunna saitin da ke sa sai admin ya amince kafin a shiga.

Bayyanar lambobi ce kuma ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Salon sananne ne: a kira ka da murya mai ladabi, a ambaci sunan zaurenku, a ce za a yi taro ta intanet da yamma, an turo maka lamba shida, ka karanto don a saka sunanka. Kana karantowa, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, su fara bin 'yan uwanka da roƙon rance. Idan wanda aka kama admin ne, zauren duka ya shiga hatsari. Maganin bai wuce minti biyu ba: kunna matakin tsaro na biyu, a sa lambar sirri. Duka manhajojin suna da shi, kuma a ganina bai kamata a ba kowa admin ba sai ya kunna.

Masu son WhatsApp kan kafa hujja da cewa saƙonninsa a rufe suke daga waya zuwa waya tun 2016, har kamfanin ba ya iya karantawa, alhali zaurukan Telegram ba haka suke ba, sai hira ta sirri tsakanin mutum biyu idan an zaɓe ta. Gaskiya ne. Kuma bayan kama Pavel Durov, mai Telegram, a Faransa a watan Agustan 2024, kamfanin ya bayyana cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi idan hukuma ta nema bisa doka. Amma ga zauren aji ban ɗauki wannan a matsayin abin da zai yanke hukunci ba. Maganar zauren aji ba ta hannun kamfani take fita ba, ta hannun ɗan aji take fita, wanda ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura gaba. Babu rufin da ke hana wannan. Ba mu manta da abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022 ba, inda saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai ya kai ga rasa rai da rufe makaranta. A ƙarshen shekarar kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter. Shugaban aji amana ce a hannunsa, ta ɗalibai masu addini da ƙabila da ra'ayi daban-daban. Dokar cewa zauren karatu na karatu ne kawai, a faɗe ta tun ranar farko, a kuma tsaya a kanta ko a kan aboki ne, ta fi kowane saitin waya muhimmanci.

Sai jita-jita. Wanda ya yi zaman yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya ga yadda takardun bogi masu tambari da sa hannu suka riƙa yawo ana cewa an janye, a dawo ranar Litinin. Yanzu ma haka ake yi da sunan NELFUND, asusun ba ɗalibai rancen karatu, da guraben tallafin karatu, a turo linki a ce a cike kafin ƙarfe sha biyu. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, yana kuma sa alama a kan wanda aka yi ta turawa, amma ba ya gaya maka daga ina ya taso. A Telegram, abin da aka turo daga wata tasha yakan zo da sunan tashar a kansa, ka danna ka ga tushe, sai dai in mai turowa ya cire. Wannan ɗan fifiko ne, ba babba ba. A nan ne Facebook da X, wato tsohon Twitter, ke da amfani, don a can jami'o'i da JAMB da hukumar yi wa ƙasa hidima ke da shafukansu na hukuma, a can za ka je ka tabbatar kafin ka saka a zaure. Amma ba wurin kafa aji ba ne. Saƙo ba ya zuwa a jere, kuma mun ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. TikTok da Instagram kuwa ba su cikin wannan lissafi.

To, wanne za ka ɗauka?

Idan ajinku ƙarami ne, irin na shekarar ƙarshe ko na digiri na biyu, mutum hamsin ko tamanin da suka san juna, ka tsaya a WhatsApp. Ka yi zaure biyu: ɗaya a kulle na sanarwa, ɗaya a buɗe na hira da tambaya, wanda ya ga dama ya kashe ƙararsa. Handawut kuma a tara a wuri ɗaya a waje, a kafe linkinsa a sama.

Idan ajin ya kai ɗaruruwa, ko kwas ɗinku mai yawan littattafai da hotuna da bidiyo ne, shawarata ita ce a raba aiki. Sanarwar gaggawa ta zauna a WhatsApp, a ƙarƙashin Community, admin kaɗai ke magana. Kayan karatu su tafi tashar Telegram. Ka lura na ce tasha, ban ce zaure ba. Ba a buƙatar kowa ya riƙa buɗe ta kullum, don haka matsalar rashin leƙawa ba ta taso ba. Mutum zai je ne ranar da yake nema. Duk abin da aka saka a can, a sanar da layi ɗaya a WhatsApp. A sa wa kowane fayil lambar kwas da mako da sunan darasi, a kuma tura hoton allo a matsayin fayil, domin duka manhajojin suna rage ingancin hoto idan aka tura shi kai tsaye, sai ka ga ƙananan lambobi sun dushe.

Idan kuwa kwasa-kwasan gama-gari ne, irin GSP a Bayero ko GENS a Zariya, inda ɗaliban tsangayoyi da dama ke haɗuwa har su wuce dubu, zauren WhatsApp guda ba zai ɗauke su ba, kuma bai dace a zuba lambobin baƙi masu yawa haka a wuri ɗaya ba. Nan Telegram ne, ko tashar WhatsApp idan sanarwa kawai ake so.

Wanda aka tilasta wa ya zaɓi ɗaya tak, WhatsApp zan ce ya ɗauka, duk da na fi son tsarin Telegram. Handawut da ya ɓace ana iya roƙon wani ya sake turowa, tes da aka yi babu kai kuwa sai dai ka bi malam kana ba da haƙuri.

Kowanne ka zaɓa, ka riƙe jerin lambobin 'yan aji a takarda ko a wani wuri daban, ka kuma san waɗanda ba su da babbar waya ko ba sa samun data kullum, a haɗa kowannensu da wanda zai riƙa kiransa ko tura masa rubutaccen saƙo ta layin waya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya, a watan Maris na 2024 kuma lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta rage ƙarfin intanet a Afirka ta Yamma. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, ɗaliban da ke kunna data sau ɗaya ko biyu a rana sun cancanci a riƙa tunawa da su: sanarwar gobe ta fita kafin a kwanta, kuma a rubuce, don saƙon murya na minti huɗu ba ya sauraruwa a cikin aji ko a motar haya.

Admin kada ya zama mutum ɗaya. A sa aƙalla uku, a ciki har da mace, wadda 'yan uwanta za su iya kai wa ƙorafin da ba za su kai wa namiji ba. Tashar Telegram kuma kada a bar ta a kan layin da mai shi zai iya yarwa bayan kammala karatu, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na sake sayar da shi ga wani. Telegram yana ba da damar miƙa mallakar tasha ga wani admin, da sharaɗin mai miƙawa ya kunna matakin tsaro na biyu aƙalla kwana bakwai kafin nan. Kafin ku tafi hidimar ƙasa, ku miƙa ta ga shugaban ajin da ke bin ku, da tambayoyin jarrabawar da kuka tara a ciki.